Zaɓen Motar Iyali: A Fara Daga Kujerar Baya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu sayar da motoci, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ya san yadda magidanta ke duba mota. Za a buɗe bonet a saurari kukan inji, a zagaya ana shafa fenti, a shiga gaba a kama sitiyari, a kunna esi a ji ko yana sanyi. Kujerar baya kuwa sai dai a leƙa ta taga a ce ai da faɗi. Alhali in motar ta iyali ce, waɗanda aka saye ta dominsu can baya za su zauna. Na rubuta wannan jagora ne domin maigida ko uwargida masu ƙananan yara, waɗanda kuɗin hannunsu ba su da yawa, kuma suke son motar da kowane yaro zai samu mazauninsa a ɗaure. Shawarata ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: ka fara zaɓe daga kujerar baya, in ta yi maka sannan ka zo kan inji.

Kujerar yaro ta mota ba ta zama ruwan dare a wurinmu ba. Jariri a cinyar uwa yake tafiya, sau da yawa ma a gaba, yayyensa kuma suna tsaye tsakanin kujeru suna kallon hanya. Ba rashin ƙauna ba ne, sabo ne. Sai dai motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne kawai, in ta daki abu ta tsaya cak, bugun da na ciki zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar idon, yaro mai nauyin kilo 10 yakan fizgi hannun uwarsa da ƙarfin da ya kai kilo 300. Babu hannun da zai riƙe wannan. In kuma uwar ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi a jikin dashbod. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ita ce kuma ta ce amfani da kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne cewa yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. Ajali in ya zo babu makawa, wannan haka yake, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma yaro amana ne.

Lissafin da ake yi a gida kafin a je kasuwa

Ku zauna da uwargida da takarda da biro. A rubuta kowane yaro, shekarunsa, nauyinsa da tsayinsa. In akwai ciki a saka shi cikin lissafi, domin motar da aka saya yau za ta yi wa gidan shekaru. A nan mutane da yawa ke mamaki, don sun ɗauka jariri kaɗai ke buƙatar kujera.

Kujerun mataki uku ne. Ta farko ta jariri ce, daga haihuwa zuwa kilo 13, kuma baya take kallo, wato yaron ya juya wa direba baya. Dalili shi ne kan jariri ya yi wa jikinsa girma, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba; in yana kallon baya, bayan kujerar ne ke tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai ta R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta kallon baya har yaro ya kai aƙalla wata 15, likitocin yara kuma suna son a wuce haka muddin kujerar na ɗaukarsa. Ta biyu ita ce ta kilo 9 zuwa 18, wadda ke kai yaro wajen shekara huɗu, mai ɗamararta ta kanta da ke kama kafaɗu da ƙugu da tsakanin cinyoyi. Ta uku ta ƙarin tsayi ce, daga kilo 15 zuwa 36. Aikinta ta ɗaga yaro yadda bel ɗin mota zai bi ta kafaɗarsa da ƙashin ƙugunsa, maimakon ya shaƙe wuya ya yanki ciki. Ana barinta ne in tsayin yaro ya kai santimita 135 zuwa 150, wanda yawanci sai wajen shekara 10 zuwa 12.

Ke nan gidan da ke da jariri da ɗan shekara uku da 'yar shekara bakwai kujera uku yake buƙata, ba ɗaya ba. In kuma ana tafiya da kaka ko 'yar aiki, ga mazauni na huɗu a baya. Daga wannan lissafin za ka san ko motar layi biyu za ta ishe ka ko sai mai layi uku.

Yanzu batun faɗi. Yawancin kujerun yara faɗinsu tsakanin santimita 43 ne zuwa 48. Uku a jere na neman santimita 129 zuwa 144, kuma bayan ƙananan motoci da yawa bai kai haka ba in an rufe ƙofofi. Ka ari tef ɗin tela ka tafi da shi. Ka auna daga madogarar hannu ta wannan ƙofa zuwa ta waccan, ƙofofin a rufe, domin nan ne wurin ya fi matsewa. Amma tef kaɗai ba ya yanke hukunci. Wata motar tana da faɗin, sai dai tsakiyar kujerar ta yi tozo, kujerar yaro ba ta zama daram a kai. Wata kuma makullan bel ɗinta sun nutse a inda kujerar yaro za ta danne su. Kujerar ƙarin tsayi ta fi kowacce wannan matsala, don kullum sai an zura hannu a gefenta an maƙala bel. In babu wurin zura hannu, sati biyu za a yi a gaji a daina ɗaurewa. Saboda haka nake ganin a fara sayen kujerun kafin motar, ko a aro irinsu, a je da su wurin dillali a ɗaura a gani da ido. Dillalin da ya ƙi bari a gwada, a bar masa motarsa.

Akwai awo na biyu da ake mantawa, daga gaba zuwa baya. Kujerar jariri mai kallon baya tana cin wuri sosai. Maigida ya fara zama a mazaunin direba, ya gyara shi yadda yake tuƙi, sannan a ɗaura kujerar a bayansa, a sake gwadawa a bayan mai zaman gefe. In sai an tura kujerar gaba har gwiwar uwargida ta tokari dashbod, motar ta yi kaɗan.

Ƙarafunan ɗauri da bel

Ka zura yatsu a tsagar da ke tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya. In ka taɓo wasu 'yan ƙarafuna biyu masu lanƙwasa, tsakaninsu santimita 28, to motar na da wurin maƙala kujerar yaro kai tsaye a jikin ƙarfenta. A Turai sunan tsarin ISOFIX, a Amurka LATCH. Amfaninsa shi ne yana rage kuskuren ɗauri: ka tura, ka ji ƙas, shi ke nan. Amurka ta wajabta shi a motocin da aka ƙera daga Satumban 2002. A Turai kuwa, duk da cewa ya fara fitowa a Volkswagen Golf tun 1997, bai zama dole a kan kowace sabuwar mota ba sai Nuwamban 2014. Wannan bambanci yana da amfani a kasuwarmu: 'yar Amurka ta 2004 kusan tabbas tana da ƙarafunan, 'yar Beljiyam ta wannan shekarar kuwa sai ka laluba. Kuma a yawancin motoci mazaunai biyu na gefe ne kawai ke da su, na tsakiya babu.

Sai ƙugiya ta uku, wadda ake maƙala igiyar saman kujera mai kallon gaba. A ƙaramar mota tana kan allon da ke bayan majingina, ƙarƙashin gilashin baya. A mai dogon baya tana jikin bayan kujera ko a ƙasan but. Wannan igiya ce ke hana kan yaro wuntsilawa gaba da nisa, kuma ita aka fi watsi da ita.

Rashin ISOFIX ba ya soke ciniki. Kujerar da aka ɗaure da bel yadda ya kamata tana karewa daidai da wadda aka maƙala a ƙarfe. Abin da ke soke ciniki shi ne bel marar lafiya, don haka a nan ka ɓata lokaci. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har na layi na uku. Ka jawo kowanne har ƙarshe ka duba ko ya zare ko an yi masa ɗinki. Ka fizge shi da ƙarfi, dole ya cije. Ka maƙala shi ka ji ya kama, ka ja ka ga bai kwance ba. Sau da yawa masu ɗinkin rigar kujera sukan tura makullan ƙarƙashi su rufe, motocin da suka yi haya kuwa wasu an yanke bel ɗin bayansu ɗungurungum. Ka kula da na tsakiya musamman. A tsofaffin motoci na cinya ne kawai, babu na kafaɗa, kuma ba a ɗora yaro a kujerar ƙarin tsayi da bel na cinya kaɗai. Motocin Amurka sai daga samfurin 2008 ne na kafaɗa ya zama dole a tsakiya, ko da yake da yawa sun riga sun saka kafin nan.

'Yan Amurka daga 1996 suna da wata dabara mai amfani. In ka jawo bel ɗin fasinja har ƙarshe ka sake shi a hankali, a yawancinsu za ka ji yana ƙaf-ƙaf yana komawa, kuma ba zai sake fitowa ba. Haka ake kulle kujerar yaro da shi. Ko da wane tsari ka ɗaura, gwajin ɗaya ne: ka kama kujerar a inda bel ya ratsa ta, ka girgiza hagu da dama. Kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi.

Wace mota ke nan?

Mai yara biyu bai da matsala. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko ta 2009 zuwa 2013 in aljihu ya kai, tana ɗaukar kujera biyu, injinta mai lita 1.8 ba ya shan mai, kuma babu garin da za ka rasa makanikenta. Toyota Matrix da Pontiac Vibe, waɗanda asalinsu mota ɗaya ce da Corolla a ƙarƙashi, sun fi ta daɗin sha'ani da yara, don rufinsu ya fi tsayi, ba sai ka duƙa sosai wajen ɗaure yaro ba, bayansu kuma ya fi ɗaukar kaya. Sai dai ka sani, in ka ɗaura kujera biyu a waɗannan motoci, abin da ya rage a tsakiya ba zai ɗauki babba a doguwar tafiya ba.

Yara uku ne inda kai ke ɗaukar zafi. Camry ta 2002 zuwa 2011 da Honda Accord ta 2003 zuwa 2012 sun fi Corolla faɗi, kuma ana iya jera uku in an samu siraran kujeru, amma sai an gwada, ba a rantsuwa a kai. In Camry ta 2007 zuwa 2009 ce mai inji lita 2.4, an san wasunsu da shan baƙin mai, ka sa makanike ya duba. In Accord ce, ya duba ƙafar gaba da kyau, don nan ne rauninta a hanyoyinmu. Waɗanda aka ƙera domin wannan matsala su ne motocin Turai masu kujeru uku rarrabe a layin tsakiya, kowace da mazauninta: Volkswagen Sharan da 'yan'uwanta Ford Galaxy da SEAT Alhambra, waɗanda aka fara ƙerawa a masana'anta ɗaya a Fotugal, sai Toyota Corolla Verso da Peugeot 5008. Sharan ba baƙuwa ba ce a Arewa, masu haya sun sa makanikai sun san ta ciki da waje. Amma wannan sanin shi ne kuma abin tsoro, don yawancin waɗanda ke yawo a kasuwa sun sha lodi tsakanin garuruwa har sun gaji. In ka samu wadda ba ta taɓa shiga tasha ba, ka duba bel ɗin tsakiya, wasu tsofaffin na cinya ne kawai.

Daga yara huɗu zuwa sama, ko uku da babba a baya, ni a ganina babu kamar Toyota Sienna ta 2004 zuwa 2010. Ƙofofinta na gefe zamewa suke yi, yaro ba zai bankaɗa ƙofa ya daki motar maƙwabci ko mai babur ba, kuma uwa na iya tsayawa sosai ta ɗaure jariri. Layinta na uku na gaske ne, kuma ko an tayar da shi akwai rami mai zurfi a but na kaya. Tana zuwa iri biyu, mai mazauni bakwai da mai takwas. Mutane sun fi rububin mai takwas, amma ka yi tunani: in ka ɗaura kujerun yara a layin tsakiya, ba za ka riƙa naɗe kujera don a wuce baya ba, sai ka kwance ɗaurin kullum. Mai bakwai tana da hanya a tsakanin kujeru biyun, manyan yara su wuce abinsu. Ta 2004 zuwa 2006 injinta lita 3.3 ne mai bel ɗin tayimin, wanda ake canzawa wajen kowace kilomita 145,000, kuma da wuya mai sayarwa ya san yaushe aka canza na ƙarshe, don haka ka saka kuɗinsa a lissafi. Ta 2007 zuwa 2010 lita 3.5 ce mai sarƙa, babu wannan ɗawainiya. Ka guji mai jan ƙafa huɗu, don daga kamfani ba ta zuwa da safaya, kuma ta fi shan mai. Ƙofa mai buɗe kanta da lantarki abin sha'awa ce ranar farko, amma wayarta kan tsinke, gyaran kuma da tsada. Wadda ake ja da hannu ta fi kwanciyar hankali. Honda Odyssey ma tana da fili kamar Sienna, sai dai samfurin 1999 zuwa 2004 ya yi ƙaurin suna wajen lalacewar giya.

Jif fa? Na san ita ce burin da yawa, kuma tsayinta daga ƙasa na da amfani ga wanda ke shiga ƙauye da damina. Amma mai neman wurin yara da kuɗi kaɗan, jif ba ta cika biya masa buƙata ba. Layi na uku na Highlander ƙarami ne, in an tayar da shi but ya tafi, kuma kuɗin da za ka biya don ana kiranta jif ya isa ya saya wa yara duka kujeru.

Arha a wurin saye da arha a wurin riƙo

Ban kawo farashin kowace mota ba da gangan, domin tun da aka saki naira a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda ake lissafi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Corolla tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, Sienna kusan lita 12. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata, bambancin lita 40 ne. Ka ninka da farashin lita na yau, ka ninka da wata 12, ka ga ko albashi ko kasuwa za su ɗauka. Motar da aka ajiye a ƙofar gida don babu kuɗin mai, yara kuma suka koma adaidaita sahu, ba ta kare kowa ba. Shi ya sa mai yara biyu kada ya sayi Sienna don kawai ana yabonta.

Masu tunanin mayar da mota mai amfani da iskar gas su tuna cewa tukunyar a but take zama. A ƙaramar mota za ta cinye wurin kaya, a mai layi uku kuma tana iya hana amfani da layin ƙarshe ko ta toshe ƙugiyar igiyar sama. A tambayi inda za a kafa ta kafin a biya.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan kuɗin motar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar. Daga ciki za a sayi kujerun yara, a biya la'adar dillali, a yi juyen mai, a duba birki, a yi takardu da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Tayoyi ma kusan kullum sai an canza. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna satin da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra shekara huɗu take ba taya. Kuma kafin ka tsayar da zuciya a kan kowace irin mota, ka leƙa Ƙofar Ruwa in a Kano kake, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi kuɗin giyabos ɗinta da kayan ƙafarta da injin esinta. In aka fara ce maka sai an aiko daga Legas, ka sake tunani.

Abin da fenti ke ɓoyewa

Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka a wurin gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci aka sayo su, aka gyara aka fesa fenti. Ba dukansu ne marasa kyau ba, amma motar yara ba ta ɗaukar caca. Ka kwafi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka tabbata ita ce a jikin ƙofa da cikin takardu, sannan a bincika tarihinta a intanet. Ka murɗa makulli ka kalli fitilar jakar iska: dole ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta don ɓoye cewa jakar ta taɓa fashewa ba a mayar ba. Motar da ta sha ruwa kuwa ana gane ta da warin danshi, da tsatsa a ƙarafunan ƙarƙashin kujera, da busasshen taɓo a ramin safaya, da shatin ruwa a can ƙarshen bel in an jawo shi duka.

Akwai kuma matsalar jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda zafi da danshi ke lalatawa har su fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Ta shafi miliyoyin motoci, ciki har da Corolla da Accord na shekarun da na ambata, da Matrix da Vibe. In 'yar Amurka ce, shafin hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, yana nuna kyauta ko an canza mata, da zarar an saka lambar shasi.

Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ka bar ta komai arharta. Takardun kwastan kuma ka kai ofishin kwastan a tantance kafin ka biya, musamman in an ce maka ta Kwatano ce, domin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, kuma takardun bogi sun yi yawa. Makaniken da zai duba maka ya zama naka, ba wanda dillali ya kira ba, kuma a hau titi da motar har inji ya yi zafi.

Kafin ka sauka, ka gwada ƙananan abubuwa uku: ɗan makullin da ke gefen ƙofar baya wanda ke hana buɗewa daga ciki, maɓallin da direba ke kulle gilasan baya, da ko sanyin esi na isa baya. Na ukun ba ƙawa ba ne a ƙasar da zafin Afrilu ke kai digiri 40, ga jariri a cikin kujera mai soso. Motar da aka rufe a rana zafinta na ƙaruwa da kusan digiri 11 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada a bar yaro a mota ko na shiga kanti a fito ne, kuma motar da ke ajiye a gida a kulle ta, kada yara su shiga wasa ƙofa ta rufe da su. A riƙa yafa farin zani a kan kujerar in an yi fakin a rana, don ƙarfen makullinta na ƙona fata. Kujera mai kallon baya kuma ba a taɓa ɗora ta a gaba inda akwai jakar iska mai aiki.

Ita kanta kujerar, yawancinmu ta gwanjo za mu saya, kuma babu laifi in an duba. Ka nemi tambarinta: ta Turai tana da 'yar takarda ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, da R44/04 ko R129, ta Amurka tana da rubutun da ke cewa ta cika ƙa'idar gwamnatin ƙasar. Ka duba ranar ƙira a jikin robar, don masu ƙerawa shekara 6 zuwa 10 suke ba ta. Ka cire rigar ka duba tsagewa, ka tabbata ɗamara da makulli cikakku ne. Waɗannan na yadi zalla da ake tallatawa da arha, masu igiyoyin da ake ɗaurawa a jikin kujerar mota, ba kujerun kariya ba ne, kada ka ba da kuɗinka. In an zaunar da yaro a ja ɗamara har sai ka kasa tsunkule ta da yatsu biyu a kafaɗarsa. Da sanyin hunturu a cire masa rigar sanyi mai kauri, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa bargo a sama.

Kwanakin farko yaron da ya saba da cinya zai yi kuka, kaka ma za ta ce a kwance shi. Ku daure, in kukan ya yi yawa a tsaya a gefen hanya a rarrashe shi ko a shayar da shi, sannan a mayar da shi a ɗaure kafin a tashi. Maigida da uwargida ku ma ku ɗaura naku, don yaro abin da ya gani yake yi. In kuma kuɗin da ke hannu ba za su sayi babbar mota da kujeru tare ba, ka sayi ƙaramar da kujerunta.